Ruwa a kan jariri: daga awon tef zuwa sa roba da ranar sallama

Tef ne abu na farko da muke ɗauka idan aka shigo mana da jariri mai ruwa a kai, tef irin na tela. A ɗora shi saman gira, a bi ta saman kunnuwa, a zagayo ta inda ƙeya ta fi tudu. Sau uku ake aunawa, a rubuta wanda ya fi yawa. Yarinyar da za mu bi sawunta a nan watanta huɗu. An turo ta daga wani asibitin ƙaramar hukuma da takarda mai layi biyu, tef kuma ya nuna santimita 49. Jariri mai lafiya yakan zo duniya da kai mai faɗin 34 zuwa 35, ya riƙa ƙara kamar santimita 2 kowane wata a watanni ukun farko, sannan ya sauko zuwa 1, daga wata shida kuma rabi-rabi. Ke nan a wata huɗu ana sa ran 40 zuwa 42. Kai mai 49 na ɗan shekara uku ne.

Maɗigarta ta cika ta yi tauri ko tana zaune ba ta kuka. Jijiyoyin fatar kai sun fito raɗa-raɗa. Idan ka bi mahaɗar ƙasusuwan kai da yatsa sai ka ji sun buɗe, yatsa na faɗawa tsakani. Baƙin idonta ya nutse ƙasa, fari ya bayyana a sama, abin da likitoci ke kamantawa da faɗuwar rana. Kakar yarinyar ce ta ba da labarin da ya fi amfani. Ta ce, "Sista, hular da aka sa mata ran suna, kafin arba'in ta daina shiga." Da aka ƙara tambaya sai ga asalin abin: an haife ta a gida, cibiya ta yi ruwa tana wari, a sati na biyu ta yi zazzaɓi da jijjiga, aka yi mata allurai na kwana uku a kemis aka bari.

Wannan labari mun saba jinsa. Cikin ƙwaƙwalwa akwai aljihu huɗu, a cikinsu kuma akwai wani nama mai kama da geza wanda ke tatso ruwa garai-garai dare da rana. A jikin babba yakan kai mililita 500 a yini. Ruwan yana bi daga aljihu zuwa aljihu ta 'yan ƙofofi, ya fito ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya shanye shi. Duk mutumin Kano ya san abin da ke faruwa a unguwa idan leda ta toshe kwata da damina. Haka yake a nan, sai dai gezar ba ta san an toshe hanya ba, tatsowa kawai take yi. Sanƙarau ko cutar da ta shiga jinin jariri takan bar tabo a waɗannan ƙofofi. Wani yaron da ƙunƙuntar hanya aka haife shi. Bakwaini jini kan zuba masa a aljihunan. Yawancin yaran da aka haifa da ƙari a gadon baya, inda ƙashin bai rufe laka ba, su ma suna samun ruwan. A yaro babba kuma ƙari a ƙwaƙwalwa na iya tare hanya. Kan jariri yana girma ne saboda ƙasusuwansa ba su manne ba tukuna. Yaron da kansa ya riga ya rufe ba ya samun wannan sararin, shi ciwon kai da amai da gushewar hankali ne ke kawo shi, kuma nasa ya fi gaggawa.

Bayan tef, sai mu bi fatar kai da ido a hankali, a buɗe gashi layi-layi. Dalili shi ne da yawa sai sun biya ta wurin wanzami kafin su iso. Wannan yarinya tana da tabon sakiya guda shida, biyu daga ciki ba su bushe ba, ɗaya ma a bayan kunnen dama, daidai inda robar da za ta sauke ruwan daga kai zuwa ciki za ta bi. Ba ma yi wa iyaye faɗa a kan wannan, domin wanda aka yi wa faɗa ba ya dawowa. Amma gyambon nan biyu sun ci mata kwana tara, ana wankewa ana jira, don babu likitan da zai tura roba ƙarƙashin fata mai ruɓa. Haka ma ƙurajen zafi da kurga a wuya da mara, sai sun warke. A ƙeya ma akan sami gyambon kwanciya, domin kai ya yi wa yaro nauyi ba ya iya juya shi.

Hoto iri biyu ne. Muddin maɗiga na buɗe, ana ɗora na'urar sikanin a kanta a ga girman aljihunan, ba zafi, ba allura, kuɗinsa kuma da sauƙi. Siti sikan shi ke nuna inda toshewar take, da kaurin naman ƙwaƙwalwar da ya rage, da ko aljihunan sun rarrabu gida-gida, abin da cuta kan jawo. Sai gwajin jini: yawansa, rukuninsa, gishirin jiki, maleriya, da sikila. Jinin yarinyar nan ya yi ƙasa, sai da kawunta ya ba da leda ɗaya aka ajiye. Gwajin da ya fi duka muhimmanci ga yaron da ya taɓa zazzaɓi shi ne na ruwan kan kansa. Likita kan tsafta wurin, ya sa siririyar allura ta kusurwar maɗiga, ya zuƙo ɗan kaɗan. Idan ya fito fari tas kamar ruwan gora, hankali ya fara kwanciya. Idan ya yi gurɓi-gurɓi ko ruwan ɗorawa, a aika ɗakin gwaji a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, a shuka a ga ko wani abu zai tsiro, amsar kuma takan ɗauki kwana biyu zuwa uku. In akwai cuta, sai an gama maganinta, ana rage ruwan lokaci-lokaci, kafin a yi maganar roba. Iyaye sukan ga kamar jan rai ake yi. Roba a cikin ruwa mai cuta kuwa, kuɗi ne aka zubar, kuma za a sake yanka yaro a ciro ta.

Aiki iri biyu ake yi wa wannan ciwo, kuma ya kamata iyaye su ji duka biyun. Na farko sa roba, wadda likitoci ke cewa shant: a ɗauko ruwa daga kai a zuba shi cikin cikin yaro, tantanin ciki ya shanye. Na biyu ba a barin komai a jiki. Ana zura na'urar leƙe mai kyamara cikin aljihun ƙwaƙwalwa, a wuce ta ƙofa zuwa aljihu na uku, a huda ƙasansa, a faɗaɗa hudar da ɗan balan-balan, ruwa ya sami sabuwar mafita. Wurin hudar ƙanƙane ne, bayansa kuma akwai babbar jijiyar jini, shi ya sa aikin ke buƙatar gwani da kayan aiki masu kyau. Ya fi yin nasara ga yaron da ya haura shekara ɗaya wanda toshewarsa wuri guda ce. Ga jarirai, wani likita Ba'amurke, Benjamin Warf, da ya yi aiki a garin Mbale na Yuganda, ya haɗa hudar da ƙone gezar da ke tatso ruwan. A 2017 aka wallafa gwajin da aka yi a can kan jarirai 100 masu ruwan da cuta ta jawo, aka ga bayan shekara ɗaya babu wani bambanci a zo a gani a bunƙasar basirarsu tsakanin masu roba da masu huda. Ga wannan yarinya, hoto ya nuna tabo ya yi yawa a ƙasan ƙwaƙwalwa, likita ya zaɓi roba.

Sai sa hannu. A nan ake yawan asarar kwanaki. Uwa na nan, kaka na nan, amma "sai abin da babanta ya ce", shi kuma yana Legas ko Fatakwal yana nema. Shawararmu kullum ita ce a kira shi tun ranar farko, likita ya yi masa bayani ta waya, ya wakilta wani. Abin da ake gaya masa ba a ɓoye komai: "Malam, wannan roba ba ta warkar da ciwon, hanya ce ake buɗa wa ruwa. Kan ba zai koma ƙarami ba, tsayawa zai yi jiki ya tarar da shi. Kuma mai yiwuwa wata rana a sake dawowa ɗakin tiyata." Uban da ya ji wannan tun farko ba ya ganin an cuce shi in hakan ta faru.

Robar kashi uku ce. Gajeren bututu mai ƙananan huji a bakinsa, shi ke shiga aljihun ƙwaƙwalwa. Sai bawul, ɗan tudu da ke zama ƙarƙashin fata a bayan kunne, wanda ke barin ruwa ya wuce gefe ɗaya kawai idan matsi ya kai wani mizani. Akwai na matsi kaɗan, na tsaka-tsaki da na sama, na tsakiyar aka fi sawa. Sai dogon bututu da ke gangarawa ciki. Da silikon, wato roba mai laushi, aka fi yin su. Wani injiniya a Filadelfiya ta Amurka, John Holter, shi ya ƙera bawul ɗin silikon a 1956 saboda ɗansa da ya sami wannan ciwo yana jariri. Wadda aka fi gani a asibitocinmu ita ce Chhabra ta Indiya. Wasu iyayen suna jin Indiya sai su tambaya ko babu ta Turai. A 2005 Warf ya wallafa kwatancin da ya yi tsakaninta, lokacin tana dala 35, da wata ta dala 650, bai sami bambanci a sakamako ba bayan shekara guda. Abin dubawa shi ne ledarta a rufe take ruf, kwanan watanta bai wuce ba.

Daren jajibiri a yi wa yarinya wanka, a wanke kai da sabulun kashe ƙwayoyin cuta. Ba a aske kai da reza a daren, domin ƙananan yankan reza gidan cuta ne kafin gari ya waye. Madarar gwangwani a tsayar da ita awa shida kafin aiki, nono awa huɗu, farin ruwa awa biyu. Muna rubuta wa uwa lokacin a takarda, mu kuma tashe ta da kanmu ta ba da nonon ƙarshe da misalin ƙarfe huɗu na asuba. Wanda ya tausaya ya ba jariri nono a ɓoye yana iya sa ya yi amai ya shaƙe a ƙarƙashin maganin barci.

Aikin roba shi ake fara yi da safe, kafin ɗaki ya ga wani mara lafiya. Ana rage mutane, a rufe ƙofa, ba shiga ba fita. Ko a zafin Afrilu akan kashe na'urar sanyaya ɗaki, domin jariri mai babban kai yana saurin yin sanyi, a naɗe hannu da ƙafa da auduga. Likitan sa barci shi ma yana da nasa aikin: ƙeya mai tudu tana lanƙwasa wuya, sai an ɗaga jikin da naɗaɗɗun tawul ya yi daidai da kai kafin bututun numfashi ya shiga. Allurar ƙarin ruwa a hannu ko ƙafa ake sa ta, duk da jijiyoyin kai na nan suna kira. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jini cikin awa ɗaya kafin wuƙa ta taɓa fata.

A kwantar da ita rigingine, a juya kai hagu, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗar dama, yadda kai da wuya da ƙirji za su miƙe layi ɗaya. Dama aka fi zaɓa, saboda ga yawancin mutane cibiyar magana tana hagu. A rage gashi da inji a ɗan wurin da ake buƙata. A shafe fata da aidin tun daga kai har mara, a jira ta bushe sarai, minti uku aƙalla. Masu gaggawa a nan suke kuskure. Kowa safar hannu biyu, kuma kafin a taɓa roba a canja ta saman. Ba a buɗe ledar roba sai lokacin sa ta ya yi, da ƙarfe ake ɗaukarta, ba a bari ta taɓa fatar yarinya, domin ƙwayar cutar da ta fi lalata roba a jikin fatar kowa take zaune.

Yanka biyu ne. Na kai kamar santimita 3 sama da kunne, santimita 3 kuma ta bayansa, a yi shi a lanƙwashe kamar jinjirin wata don kada ɗinki ya hau kan roba. Na ciki ɗan ƙarami ne a ƙasan haƙarƙarin dama ko kusa da cibiya, a bi a hankali har a buɗe tantanin ciki, a tabbatar da ido cewa cikin aka shiga. In aka ajiye bututu tsakanin tsoka da tantani, bayan kwana biyu sai ka ga ruwa ya taru ƙarƙashin ɗinki. Sannan a ɗauko dogon ƙarfe mai rami, a tura shi ƙarƙashin fata daga wannan yanka zuwa wancan, ta ƙirji, ta saman ƙashin wuya, ta bayan kunne. Wanda ke tsaye yana ganin bakin ƙarfen na tafiya ƙarƙashin fata kamar ɓera a ƙarƙashin tabarma. In ya yi sama da yawa fata ta huje, in ya yi zurfi a ƙirji yana iya taɓa huhu. A zura dogon bututu ta ramin, a zare ƙarfen.

Ƙashin kan jariri siriri ne, ɗan huji ya isa. Tantanin da ke ƙasansa a huda shi daidai kaurin bututu, don in ya yi faɗi ruwa zai riƙa bi ta gefe ya taru ƙarƙashin fata. Likita ya tura gajeren bututu, da ya faɗa aljihu sai ruwa ya taso da ƙarfi. Nan take a matse bakin. In aka bar ruwa ya kwarara da yawa lokaci guda, ƙwaƙwalwa na iya janyewa daga ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyi su tsinke. A ɗebi kaɗan don gwaji, a haɗa bututun da bawul, a ɗaure mahaɗar da zaren da ba ya narkewa. Kafin a sa ƙarshen a ciki, kowa ya zuba ido a kansa. Ɗis, ɗis, ɗis. In bai ɗiga ba, ba a rufewa, sai an gano inda ya lanƙwashe. A tura santimita 20 zuwa 30 ko fiye cikin ciki, rarar da yarinya za ta ci yayin da take tsawo. A ɗinke fata hawa biyu. Duka aikin bai cika wuce awa ɗaya ba.

Da ta farfaɗo a kwantar da ita shimfiɗe, ba matashi, na yini ɗaya, sannan a riƙa ɗaga kai sannu-sannu. Ba a kwantar da ita kan ɓangaren bawul, kuma duk awa biyu a juya ta. Da ta farka sosai ba amai, a ba ta nono. Washegari maɗigar yarinyar ta yi laushi, jijiyoyin kai sun kwanta, tef ya nuna 48. Uwar ta kira mu a firgice wai kan ya lotsa. Ɗan lotsawa alama ce roba na aiki. Abin tsoro shi ne maɗiga ta zurma sosai, ƙasusuwa su hau juna, yaro ya yi ta kuka in an ɗaga shi: ruwa na fita fiye da kima ke nan, a mayar da shi kwance a kira likita. Zare akan cire shi bayan kwana goma ko sha huɗu, fatar da ta miƙe ba ta saurin kamawa.

Kafin sallama muna zaunar da uwa da kaka tare, don a gida maganar kaka ce ke tafiya. Muna kama yatsan uwa mu ɗora a kan bawul, mu bi da shi ta wuya zuwa ƙirji ta ji bututun, sannan mu ce kada ta riƙa danna shi. Dannawa na iya zuƙo gezar nan ta toshe hujin. Toshewa ce ta fi kowace matsala yawa, kuma a ƙarshen da ke cikin kai ta fi faruwa. A ƙasashe daban-daban an ga kamar uku zuwa huɗu cikin goma na robobin yara suna buƙatar gyara a shekara ɗaya zuwa biyun farko. Alamarta ita ce ciwon ya dawo: amai, yawan barci, ƙin nono, maɗiga ta cika, ido ya koma ƙasa. Cuta kuma takan kama kamar biyar zuwa goma sha biyar cikin ɗari, yawanci a watannin farko. Zazzaɓi, ja ko kumburi a layin bututu, ruwa na tsatsafowa daga ɗinki, ciki ya kumbura ya yi tauri. Maganinta mai wuya ne: a cire robar gaba ɗaya, a ba da allurai na makonni, a sa sabuwa.

Inda muke rasa yara shi ne tsakanin gida da kemis. Yaro mai roba ya yi zazzaɓi da amai, a ce haƙori ne, ko a ba shi maganin maleriya a jira kwana uku. Yana iya zama maleriyar, amma wanda zai faɗi haka sai ya duba robar tukuna. "Hajiya, ko tsakar dare ne, ku tari adaidaita sahu ku zo ɗakin gaggawa, kalmar farko da za ku faɗa ita ce tana da roba a kai." A nan Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, mutanen nesa kuma gara su tambayi likitansu tun kafin sallama inda za su fara zuwa. Akwai wani abu da ba safai yake faruwa ba amma yana ruɗa mutane: bututu ya huda hanji ya leƙo ta dubura, a ɗauka tsutsar ciki ce. Kada a ja, kada a yanke, kada a mayar. A rufe da tsumma mai tsabta a taho.

Sauran na yau da kullum ne. Wanzami kada ya bi ta kan bawul da aska, almakashi ya isa. Da yake mace ce, in ta kai kitso a gaya wa mai kitso ta kauce wa wurin da tsinke, kada kuma ta ja gashin da ƙarfi. Hula mai roba a baki tana cin fatar da ke kan bawul. A goyo, zani ya tallafe kai har sama da kunne. Taurin bayan gida na ƙara matsi a ciki ya rage gudun ruwa, don haka ba a ƙyale shi. Rigakafi a ci gaba da shi a kan lokaci. A kai ta gashin ƙashi don wuya ya koyi ɗaukar kai, a kuma duba ido. Ga uwar da ɗanta ya zo da ƙari a baya, a fara shan ƙwayar folik asid tun kafin wani cikin ya shiga, ita nata adadin ya fi na sauran mata, likita ne zai rubuta. Ga wannan uwa kuwa abin da muka nanata cibiya ce: a haihuwa ta gaba man kulohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta kawai za a shafa, ba man goge baki ba, ba gashi da tsumma ba.

An sallame ta kwana biyar bayan aiki, da kati mai ɗauke da sunan robar, matsinta, ranar da aka sa, da awon kai na ranar fita. A bayan katin muka ja layuka, muka ba uwar tef, muka nuna mata sau biyu ta yi a gabanmu, za ta riƙa aunawa duk Juma'a. Da suka dawo a sati na shida layukan sun cika da rubutun wata ɗalibar makwabta: 48, 48, 48, 48.5, 48.5. Kai ya tsaya, nauyinta ya ƙaru da gram 900, tana bin hasken tocila da ido hagu da dama, amma wuya bai riƙe ba tukuna. Likita ya rubuta su dawo bayan wata uku.